Alhamis ɗin Armaya'u

Tsoron ya kama ni ne lokacin da na ga Zuwairatu ta sauko daga akori-kura a tashar Safana, ita da iyayenta da ƙullin kayansu. Ranar Alhamis ce, kuma duk Alhamis Armaya'u yana ƙauyen su Zuwairatu, can bayan Runka, wajen zance.

Armaya'u mai wankin hula ne a bakin kasuwa, ya haura talatin. Ba ya kallon idon mutum, ba ya jure hayaniya, gaisuwarsa kuma ba ta wuce "lafiya lau". Dattawa sun ce girman kai ne, wasu suka ce iska. Sai a jami'a na ji sunan abin, otizim. Da na faɗa masa, cewa ya yi, "To. Hularka ta bushe."

Bayan na gama bautar ƙasa ban sami aiki ba, sai na riƙa zama a rumfarsa. Shi kaɗai ne bai taɓa tambayata maganar aiki ba. Haka muka zama abokai.

Zuwairatu bazawara ce, hulunan mahaifinta take kawowa. Wata rana ya ce mata, "Ina son in aure ki. Me ake fara yi?"

"Ana zuwa zance, malam. Da aboki."

Ni na raka shi. Na yi ta zuba kalamai a madadinsa, har ta dube ni.

"Kai ɗan boko, kai za ka aure ni ko shi? Bar shi ya faɗi tasa."

Ya yi mata bayanin yadda ake sa wa hula sitaci har la'asar. Ta saurara, tana gyara masa. Daga nan ya daina nemana, ya ce mata zai riƙa zuwa duk Alhamis. Bai taɓa fashi ba. Da aka hana hawa babur aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga, sai ya koma keke.

Ranar Larabar nan da ta wuce aka ga mahara a bakin daji, ƙauyen su Zuwairatu ya watse. Babu waya, babu wanda za ta aika.

"Ya tafi?" ta tambaye ni a tashar, ranar Alhamis ɗin.

"Tun da hantsi."

"Ko ya ga gari ba kowa, zai zauna a dakalin nan ya jira ni. Na san shi."

'Yan sintiri sun bi hanyar jiya. Yau Asabar, ba su dawo ba, ba mu ji komai ba. Zuwairatu tana gidan gwaggonta, tana aiko min da tambaya.