Hannun Hagun Yaya Idrisu

Bana shekara tara ke nan da aka sallaci yayana Idrisu a Harami. Mutanen Makka da suka san shi suna tuna shi da gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin da babu gidan da zai zaunu a garin nan ba tare da ita ba. Ni kuwa idan ya faɗo mini a rai, a saman benenmu na Jarwal nake ganin sa bayan la'asar, da farar singileti, hannun hagunsa a miƙe, ƙwallo ruwan ɗorawa tana can sama kamar ta manta hanyar saukowa.

Kakanmu daga Kano ya zo aikin hajji bai koma ba, mu duk nan aka haife mu, kuma babu wanda ya taɓa jin sunan tanis a gidanmu. Yaya ya gamu da wasan a Jidda yana saurayi, a wani rukunin gidajen baƙi da aka tura shi aiki. Ya dawo da tsohon raket da wani ya ba shi. Ummanmu ta juya abin a hannunta, ta ce zai yi kyau wajen kakkaɓe katifa.

Ba gwani ba ne, gara in faɗa. Yana da gudu, yana da naci, amma irsal, wato bugun da ake buɗe wasa da shi, ya yi shekaru yana ba shi kunya a gaban abokai. Yakan ce hannun dama ba shi da laifi, na hagu ne mai gardama. Shi ke cilla ƙwallo sama kafin a buga, kuma nasa kullum sai ya fizge ta: yau ta tafi bayan ƙeya, gobe ta yi gaba ya bi ta yana tangaɗi. Don haka yakan ajiye raket a ƙasa, gaban ƙafarsa ta hagu, ya cilla ƙwallon ya bar ta ta faɗo. In ta sauka a kan zaren raket, ta yi. Yawanci ba ta yi. Wani lokaci ma katanga take tsallakewa ta faɗa lungu, mu ji alhazai suna salati da harsuna iri-iri. Ni ina gefe ina tsince shinkafa, tantabarun Harami suna wucewa ta kanmu, garin ya yi jawur, har a kira magariba.

Benen nan babu shi yanzu. An rushe layinmu, muka koma Kudai. Kwanaki na tsaya a gaban otal ɗin da aka gina a wurin, ina ta lissafin inda saman benenmu zai kasance. Na tsayar da shi a wajen wata taga mai labule ruwan toka. Wataƙila wani alhaji yana barci daidai inda Yaya yake tsayawa. Na tambayi kaina me yayan nawa zai ce da ya gani. Sanin da na yi masa, zai ɗaga kai ya ƙare wa ginin kallo, sannan ya tambayi wa ke kula musu da mukayyif.

Ya ɗan haura hamsin lokacin da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo tana ja, amma hannun ya dunƙule a ƙirjinsa. Ya bar zuwa shago. Ya bar karɓar baƙi. Sai ya wuni a kwance yana fuskantar bango, matarsa Rabi ta kai abinci ta dawo da shi. Ta ce mini ita ba hannun take tsoro ba, mutumin ne yake zare jiki daga duniya tana kallo.

Likita ya ce a samo masa ƙwallo ya riƙa matsawa. 'Yarsa Safiyya, lokacin tana sakandare, ta laluba ƙarƙashin gado ta zaro tsohuwar ƙwallon tanis, duk gashinta ya sule. Ta buɗe yatsunsa ta sa masa. Ya daɗe yana kallon ta.

"Wannan ba ta matsawa ba ce, ya binti, 'yata," ya ce. "Ta tashi ce."

Washegari ya ce a zaunar da shi. Watanni muka yi muna jin ƙwallo tana faɗuwa a ɗakin, tana gangarawa ƙarƙashin kujera, Safiyya tana ɗauko masa. Da farko ko gwiwarsa ba ta wucewa. Daga baya ta kai haɓa. Da ya fara tsayuwa, sai wani abu ya bayyana da ba mu zata ba. Wuyan hannun da a da yake fizgar ƙwallo ya daina lanƙwasa, dole hannun ya tashi gaba ɗaya daga kafaɗa, a sannu, kamar mai miƙa wa na sama kofin shayi. Ƙwallon ta riƙa tashi a miƙe, tana dawowa cikin tafinsa. Ranar da ya lura, ya yi dariyar da muka manta sautinta.

Bayan ƙaramar salla wani abokinsa ya ba mu aron istiraha, gidan shaƙatawa na iyali a bayan Aziziyya, mai tsohon filin tanis da ragarsa ta saki. Likita ya riga ya gargaɗe shi cewa ɗaga kai sama na iya kawo masa jiri. Da Rabi ta ga ya ɗauki raket, ta sha gabansa.

"Baban Safiyya, in ka faɗi fa?"

"In na faɗi ki ɗaga ni. Ai kin saba."

Ta matsa, amma ba ta yi nisa ba. Ya tura Safiyya ɗaya gefen ragar, da abayarta da silifas, riƙe da raket ɗin aro kamar muciya. Bugun farko ya shiga raga. A na biyu jiri ya ɗebe shi ya yi tangaɗi, na rufe ido. Da na buɗe, ya sake ɗaga hannun. Ƙwallon ta tashi, raket ya same ta can ƙololuwa da wata ƙara mai tsabta, ta haye raga ta sauka inda ya kamata. Safiyya ba ta ko motsa ba, ta bar ta ta wuce.

"Me ya hana ki mayarwa?"

"Baba, kallo nake."

"Halas, shi ke nan. Gobe za ki fara koyo."

Bai sake bugawa da kansa ba, jirin ya ƙi barin sa. A kan kujerar roba ya koyar da ita, kusan shekara biyu, har ciwon ya dawo ya tafi da shi.

Yau Safiyya ke koya wa 'yan mata tanis a wani kulob, ni kuma nake tuƙa kaina in je kallo. Ban san yadda Yaya zai ɗauki wannan ba. Mutum ne da ko kasuwa ba ya son in je ni kaɗai. Ina jin zai yi mita kwana biyu, a na uku ya ce in sauke shi a bakin fili.

Makon jiya na je. Safiyya Larabci ya fi mata sauƙi, ko ni na yi mata Hausa da Larabci take amsawa, da shi kuma take koyarwa. Wata yarinya 'yar asalin Jawa ta Indunusiya tana ta gaggawar kai bugu tun ƙwallo ba ta gama tashi ba. Sai ƙawarta, wata Balarabiya mai gilashi, ta ɗaga murya daga gefe ta ce mata, "Jira ta."

Na waiga ina neman Bahaushiyar da ta yi magana. Babu. Da aka tashi na tambayi Safiyya, ta yi murmushi ta ce haka Baba yake ce mata daga kujerarsa, kuma haka maganar take fito mata a filin wasa ba ta sani ba. Yaran sun ɗauka kalmar tanis ce.

Shagonsa wani ne a ciki yanzu. Kabarinsa, kamar sauran kaburburan garin nan, babu suna a kai, ko iyalinsa ba za su iya nuna shi ba. Na daɗe ina ganin abin da Yaya ya bari bai taka kara ya karya ba, kuma na haƙura da hakan. Ranar na zauna a mota ban tayar ba, ina yi masa addu'ar rahama, ina jiyo wasu yaran da suka shigo fili. Ba su san sunansa ba, ba su taɓa jin labarin Kano ba, amma suna ta kiran juna da Hausarsa.