Ledar da Aka Rataya Mini a Ƙasan Gado

Malam Edita, lokacin da abin nan ya same ni, ni dillalin awaki ne a kasuwar Babban Mutum, mazaunin wani ƙauye a ƙasar Baure. Boko na ɗan lashe shi, ina karanta lambar mota, ina rubuta sunana ba a kama mini hannu ba, don haka a majalisarmu ni ake tambaya in maganar asibiti ta taso. Iliminmu kuwa guda ne: majinyacin da ba a rataya wa ledar ruwa ba, ko ciwonsa na ƙarya ne, ko ba shi da gata.

Wata bazara ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, daga gida zuwa masallaci sai haki kamar na yi tsere da bunsuru. Babban ɗana ya kai ni asibiti a Daura, likita ya ce zuciyata ta gaji, ruwa ya taru mini a jiki, aka ba ni gado. Na gyara kwanciya ina jiran leda. Sai wata nas, sa'ar jikata, ta sa mini 'yar allura a bayan hannu ta liƙe da filasta, ba leda ba igiya. Ta ajiye mini gorar roba guda cike da ruwa, ta ce rabona ke nan daga safiya zuwa safiya, kuma kunu da fura da duk abin da ake kurɓa a ciki ake lissafa su. Fitsarina ma wai a tara mata ta auna. A gadon kusa da ni kuwa wani makiyayi ne da amai da gudawa suka tsotse, leda na ƙarewa ana ɗaura masa wata. Na kasa zaune na kasa tsaye. Na tambaye ta ko sai mai hanya ake sa wa. Ta yi dariya ta ce Baba, ruwan ma iri-iri ne, akwai na gishiri, akwai na sukari, akwai mai mayar da abin da gudawa ta kwashe, irin na maƙwabcina. Ta danna mini ƙauri da yatsa, rami ya tsaya bai ciko ba. Ta ja fatar hannun makiyayin, ita ma ta tsaya cak. Ta ce shi gonarsa ta bushe, tawa kuwa ruwa ya kwanta mata, in ta ƙara mini, sai ya haura huhu.

Da na haƙura, ba don 'yan dubiya ba. Taubashina ya shigo, ya dubi saman gadona ya ga ƙarfen rataya leda tsirara, ya ce ashe gudun sharar gona na zo yi, zai koma ya shaida wa gari. Bayansa kwanuka suka fara sauka. Surukaina da fura, maƙwabta da kunun kanwa, uwargida da romon kan rago, liman da rubutu cike da jarka. Kun san mutanenmu, mai kwano ba ya tashi sai ya ga an kai baki, kuma da wane ido zan mayar wa suruki furarsa ba a taɓa ba? Na riƙa sha ina sa albarka. Gorar nas kuwa ban ko buɗe ta ba, ina ganin na yi mata biyayya har da ƙari. Kowace safiya ta ɗora ni a sikeli, ta dubi gora cike, ta dubi sikeli yana hawa, ta dube ni. Ni kuma in dubi silin.

Wata rana bayan Azahar na kwanta, numfashi ya ƙi shiga. Na tashi zaune, na jingina, na sauko da ƙafa, duk bai yi ba. Ƙirjina yana ƙara kamar tukunyar dawa a wuta, tari yana fito da kumfa. Wallahi a nan wasa ya ƙare mini, ko kalmar shahada a gutsure nake kawo ta. Uwargida tana kuka tana cewa romonta ne, ni kuwa ba bakin da zan ce mata ba ita kaɗai ba ce. Nas ta zo a guje, ta ɗaga kan gadon, ta rufa mini robar iska a hanci, likita ya sa ta ɗura maganin fitar da ruwa ta 'yar allurar nan da na raina. Sannan aka ja labule aka sa mini robar fitsari. Wannan ɓangaren na bar wa Allah.

Da na dawo hayyacina ba ta yi mini faɗa ba. Kwanukan ta jera a bakin ƙofa, ta ce wa 'yan dubiya mai ƙaunar Baba ya kawo addu'a, rubutu kuma a ɗan ƙaramin kofi, a rage daga gora. Taubashina ya dawo, ya sake duban sama, ba komai. Na nuna masa ƙasan gado, ga leda a rataye ta cika fam. Na ce ya je ya gaya wa gari an sa mini, sai dai tawa fita take yi.

Abin da na koya, Malam Edita, ledar ruwa magani ce, ba rawani ba, wanda ta raya jiya tana iya shaƙe na kusa da shi yau. Masu zuwa dubiya, ku tambayi nas kafin ku buɗe kwano, kada ku tsare mara lafiya da ido sai ya sha. Tsofaffi 'yan'uwana masu kunyar suruki, ku ji daga bakin wanda ya gwada: suruki yana hucewa, huhu ba ya jiran a ba shi haƙuri.