Fitilar da ta ƙi kamawa

"Ai shi ne nake ta gaya maka, Malam," in ji Basiru, yana buga rufin motar da tafin hannu. "Leƙa ka gani da idonka. Fitila ko ɗaya babu a gaban nan. Motar da ke da ciwo ai ita ke kunna fitila."

Malam Muntaka ya sunkuya ya leƙa ta taga, ya gyara tabarau, ya gyaɗa kai. Sannan ya juyo ya dubi Dallatu, wanda tun zuwansu bai zauna ba. Ya zagaya motar sau uku, ya tsuguna, ya miƙe, ya goge hannun da ba abin da ya taɓa.

Dallatu mai wayarin mota ne. Rumfarsa tana ƙarƙashin wata darbejiya a bakin hanyar Dawakin Tofa, gonaki sun kewaye ta, har gero yakan leƙo ta bayan langa-langa. Shekara tara ya yi a wani gareji a Rijiyar Zaki cikin Kano, kafin ciwon ƙafar mahaifinsa ya dawo da shi gida ya haɗa noma da gyara. Tun da fetur ya yi tashin da ya yi, aiki ya ja baya. Masu mota sun jingine su a ƙofar gida, kaji na shan inuwa a ƙarƙashi. Abin da ya rage masa shi ne duba: duk wanda zai sayi tsohuwar mota a ƙauyukan nan, sai ya ce a kai wa Dallatu tukuna. A shekarun nan mai sayarwa ya fi mai saye yawa, kuma kowa a matse yake.

Na yau kam ya zo masa a karkace. Mai sayen, Malam Muntaka, malaminsa ne na firamare, wanda ya rabu da shanun huɗarsa don ya sayi motar da ɗansa Tasi'u zai riƙa haya da ita zuwa Kano. Mai sayarwar kuwa, Basiru, yayan matarsa Hure ne, uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin motocin Kwatano da ya yi wata huɗu bai sayar da ko taya ba. Su biyun suna jiran kalma ɗaya daga bakinsa.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa direbobi ke kiransa Rabin Makulli. In ya shiga mota ba ya tayar da inji. Sai ya murza makulli rabi, ya zuba wa gaban direba ido. Yakan ce motocin yanzu suna gaisuwa: kafin inji ya tashi, kowace fitila za ta kama ta nuna tana nan, sannan ta mutu. Wadda ta kama ta ƙi mutuwa, ciwo ne a fili. Wadda ba ta kama ba sam, wani ne ya rufe mata baki.

Ya shiga ya murza. Ta batir ta kama, ta mai ta kama, ta inji ta kama. Ya jira ruwan ɗorawar nan mai harufa uku a cikin da'ira, ABS. Shiru. Ya kashe ya sake murzawa, sau biyu, sau uku.

"Mijin Hure, makullin nan ba carbi ba ne," in ji Basiru. "Tayar da ita Malam ya ji muryar inji."

Dallatu ya tayar. Inji lafiya lau, ba tari ba hayaƙi. Ya kashe ya fito, ya ce bari ya leƙa ƙafafu. Ya kwanta a ƙasa ba don yana bukata ba, sai don ya samu inda ba a ganin fuskarsa. A bayan tayar gaba ta hagu ya ga siririyar wayar da ke kai wa ƙwaƙwalwar birki labarin gudun taya. A yanke take, an cusa bakin a bayan ƙarfe.

Ya san abin da hakan ke nufi. Birki zai kama kamar na kowace tsohuwar mota, a busasshen titi ba wanda zai gane. Amma wannan tsarin aikinsa na ranar tsautsayi ne: in direba ya danne birki a jiƙaƙƙen titi, shi ke kamawa yana saki, kamawa yana saki, don kada taya ta ƙame sitiyari ya daina jin magana. Direbobin nan da yawa sun zo masa suna cewa birki na karkarwa a ƙafarsu, wai ya yanke musu abin. Yakan ce musu wannan karkarwar ita ce aikin, ya sallame su. Ba haka yake a da ba. A Rijiyar Zaki shi kansa ya rufe wa dillalai fitilu ba adadi. Wata damina ya wuce wata mota a cikin rami a hanyar Kunci, mutane na fito da buhuna ta taga, ya gane tana cikin waɗanda ya rufe wa fitila. Bai taɓa sanin ko aikinsa ne ya jefa ta ba. Daga ranar dai ya daina.

Yana kwance ya tuna shekaranjiya. Basiru ya tsaya a kan babur ya ari baƙin salatif a wurinsa, wai wayar rediyo ce ta zare.

A sama yana jin Basiru na yabon tayoyi, Malam na cewa Tasi'u yaro ne mai zafin ƙafa, shi ya sa yake son mota mai birki. Iska ta fara kaɗa gero, hadari na haɗuwa ta gabas. Dallatu ya yi tunanin Hure, da yadda za ta yi shiru in labari ya kai mata cewa mijinta ya ƙaryata yayanta a gaban baƙo. Ya yi tunanin ya ce inji lafiya ya tsaya nan, tunda ba ƙarya ba ce. Ya fito ya karkaɗe riga, ya je rumfa ya dawo ba tare da ya ɗauko komai ba, ya sake komawa ya ɗauko sukundireba.

Basiru ya tambaye shi me zai kwance kuma. Ya ce allon fitilu ne, ba zai daɗe ba. Ya cire kusoshi huɗu, ya jawo allon, ya buɗe gilashin. Da farce ya ɓare ɗan guntun baƙin salatif da aka manna a kan fitilar ABS, ya murza makulli. Fitilar ta kama, ya tayar da inji, ta ƙi mutuwa.

Ya riƙe guntun a tafin hannu, idonsa a ƙasa.

"Yaya, wanda ya taɓa motar nan bai kyauta maka ba," in ji shi. "Ya rufe fitilar birki. Wayar ma a yanke take."

Basiru ya dubi salatif ɗin, ya dubi Dallatu. Sannan ya ce ai mutanen bakin iyaka ba sa tsoron Allah, ya faɗa yana kallon gona.

Malam Muntaka ya tambaya ko abin na gyaruwa. Dallatu ya ce in wayar ce kaɗai, aikin yini ɗaya ne. In kuwa an yanke ta ne don ƙwaƙwalwar ta mutu, wannan sai an kai Kano an sa mata kwamfuta, shi ba shi da ita, kuma ba zai yi kirdado ba.

"To in kai ne, Dallatu?"

"In ni ne, Malam, ba zan ba Tasi'u makullinta a daminar nan ba sai fitilar ta kama ta mutu da kanta."

Malam ya cire tabarau ya saka a aljihu. Ya ce wa Basiru a kai ta Kano, in ta dawo lafiya magana tana nan, in ba ta dawo ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ya hau kekensa ya tafi kafin ruwa ya sauko.

Dallatu ya mayar da allon, ya ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa Basiru in ya kawo wayar zai haɗa masa, ba sai ya ba shi komai ba. Basiru ya shiga mota ya ja ƙofa.

"Ka gaida Hure," ya ce, bai kalle shi ba.

Motar ta hau titi da fitilarta a kunne. Dallatu ya tsaya har ta sha kwana, yana juya sukundireba a hannu. Daga cikin gari aka kira shi a waya, wai injin niƙan wata Asama'u ya tsaya, mata sun jera kwanuka suna jira. Ya rufe akwatin kayan aiki, ya rataya a kafaɗa, ya bi ta tsakanin kunyoyin gero da sauri, yayyafi na fara taɓa masa wuya.