Ranar da Baba Ya Mai da Ni Aikatau

Jiya Ummi, 'yata mai shekara tara, ta dawo daga makaranta da kuka. Wai washegari za a yi musu tambayar nahawu a kan suna da aikatau, in ta kasa ba za ta ƙara komawa ba. Ni da na tsaya a aji huɗu, me zan koya mata?

Sai na tuna Baba, surukina, tsohon malamin firamare. Ina amarya a gidansa na Unguwar Shanu, bayan la'asar yakan jera jikokinsa a tsakar gida, kowa ya zama kalma. Suna ya tsaya ƙyam, aikatau kuwa dole ya motsa. Rannan ina tankaɗen gari ya ce, "'Yata, zo, aikatau muke nema." Kunya kamar in nutse, na fito da rariya, gari har a gira.

"Me ta yi?" in ji shi.

"Ta tankaɗe!" yaran suka amsa.

Ya yi dariya har da tari, carbi na rawa a hannunsa. Ya ce, "Karatun da yaro ya yi wa dariya ba ya manta shi."

Na ce wa Ummi, "Share hawayenki, ɗauko tsintsiya." Na tsaya ƙyam, ita tana shara, har muka ƙone miya.

Yau ta shigo da gudu: "Umma, malama ta ce ni zan nuna wa 'yan ajinmu!"

Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya kai maka ladar dariyar nan har inda kake.