Kawu Ba Ya Ajiye Kalmar da Bai Sani Ba

Kawu mai gyaran agogo ne, amma idan kana neman mutumin da lokaci bai dama ba a duk layinsu, to ka same shi. Shagonsa ɗan ƙarami ne, agogunan bango sun cika shi, kowanne da ƙarfen da yake bugawa, kamar 'yan gida ɗaya da ba sa ga maciji. Da rana ta yi sanyi sai ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido, ya tattara 'yan kusoshi a murfin gwangwani, ya ɗauko allon wasan haruffa. Wasan nan ne da kowa ke zaro haruffan Turanci daga jaka, ya haɗa kalma a kan allo, a rubuta masa maki. Mutum huɗu yake ɗauka: shi, da Tela, da Direba, da Mai Kemis.

Turancin Kawu na ƙamus ne. Tun yana koyon sana'a ya tsinci wani marar bango a ƙasan akwatin maigidansa, ya riƙa karanta shi kamar labari. Daga nan ya ɗauki aƙidarsa, wai kalma baƙuwa ce, ba a shigar da baƙo ɗaki ba a san asalinsa ba. Saboda haka ba ya ajiye kalmar da bai san ma'anarta ba, idan kuwa ya ajiye sai ya gabatar da ita. Zai gyara zama ya ce wannan sunan igiyar da ake ɗaure jirgin ruwa ce, ya kawo ƙanwarta da yayarta, ya biya ta kan wani matuƙi da ya taɓa kawo masa agogo. Kafin ya sauka, Tela ya gama ɗinke maɓalli biyu.

Sauran ukun ba ruwansu da ma'ana. Sun haddace 'yan guntayen kalmomi masu harafi biyu da uku, irin waɗanda ko mai harshen bai taɓa furtawa ba, suna cusa su a lungu suna kwashe maki. Direba ya ce shi tunda yake bai taɓa tambayar fasinja sunan kakansa ba, in dai ya shiga ya zauna, tafiya ta yi. Kawu kan shimfiɗa kalma doguwa mai kyau ta kawo masa maki tara, Direba ya jingina mata harafi ɗaya ya tashi da talatin.

To, akwai wata doka da Kawu ya kafa da bakinsa tun zamanin da shi kaɗai ke ci: wanda ya zo na ƙarshe a wata, ya tashi ya ba mai jira kujera. Dokar ta daɗe tana barci don babu mai jira, sai ga Mai Hoto ya buɗe shago a tsallaken titi, ya fara zuwa yana jingina da ƙofa, yana kallon kujerar Kawu kamar kaza da tsaba.

'Yar autar Kawu ce ta ji tausayinsa. Ta zaunar da shi a tsakar gida tana biya masa guntayen kalmomin nan, ta hana shi taɓa ƙamus, domin ta san da ya buɗe shafi an rasa shi. Ya haddace yana ɓata fuska kamar mai shan maɗaci.

A wasan ƙarshen wata, Kawu da Mai Kemis ne a ƙasa, tazarar da ke tsakaninsu kuwa kaɗan ce. Sai ga harafi mafi tsada a hannun Kawu, ga kuma gurbi mai ninka maki a buɗe. Ya ɗora 'yar kalmarsa mai harafi biyu, daidai take, ta kuma isa ta cece shi. Kowa na jiran bayani, don an saba.

Tela ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ba ka gabatar mana da baƙuwar ba."

Babu dokar da ta tilasta masa. Mai Kemis ma har ya ɗauki biro zai rubuta makin. Kawu ya dubi haruffan nan biyu ya daɗe, sannan ya sa yatsa ya janye su.

"Ban san gidansu ba," in ji shi.

Haka ya zo na ƙarshe, ya miƙe ya ba Mai Hoto kujera a cikin shagonsa, a kan teburinsa. Ranar har Direba bai yi dariya ba.

Tausayin bai kwana biyu ba. Tunda ba shi da haruffan da zai duba, sai Kawu ya rungumi ƙamus ya tsaya a bayansu, wai shi ne alƙali. Da, kalmominsa kawai yake wa bayani, yanzu na mutum huɗu. Duk guntuwar da aka ajiye sai ya nemo ta: wannan wani dutse ne da wuta ta narkar, waccan tsohon ma'auni ne, wannan kuma kukan wata dabba. Wasan da ake yi uku a zama ɗaya ya koma rabi. Suka roƙe shi ya dawo, a ƙaro kujera ta biyar in ya so. Ya ce a'a, doka doka ce, ai shi ya kafa ta.

Da ƙarshen wata ya zagayo aka ga abin da ba a taɓa gani ba a layin: ƙarti huɗu suna kokawar zuwa na ƙarshe. Mai Hoto yana ɓoye haruffa masu tsada, Tela yana cewa wai idonsa ya fara rauni. Direba ne ya yi nasarar faɗuwa. Ya tashi da hanzari, ya kakkaɓe kujerar da hularsa.

"Bismillah, Kawu. Zauna, don girman Allah."

Kawu ya zauna a hankali, ya zura hannu a jaka, ya ce Direba kada ya yi nisa, ya tsaya nan kusa ya riƙe masa ƙamus.