Dargazar Habsatu

A zamanin Shugaba Ahijo na Kamaru, shekarun da ake gina madatsar Lagdo, duk wanda ya ƙone a unguwar Hausawan Garwa gidan Habsatu ake kai shi. Ɓawon itacen dargaza take jiƙawa a kasko, ta murje har yauƙi ya taso, ta shafa da hannunta. Haka ta gada wurin kakarta, tare da ƙa'ida ɗaya: ba a tafiya da maganin gida, don yauƙi in ya kwana ya mutu. Mai ciwo ne ke zuwa.

Mijinta Malum mahauci ne, ba mai yawan magana ba.

Wata rana aka kawo Maurice, direban motar hayar da ke zuwa garin Pitowa, mutumin Kayele. Tafasasshen ruwan lagireton motarsa ya sale masa hannu har kafaɗa. Ya zamana kullum da hantsi, lokacin da Malum ke mayanka, motar tana tsaye a ƙofar gidan. Unguwa kuwa tana da ido. Wata ta ce ƙunar ta daɗe ba ta warke ba. Wani ya tambayi Malum, yana cinikin tsoka, ko har yanzu baƙon nasu na zuwa.

Habsatu ta gane maganar ta iso gida ran da ya ture tuwonta ba tare da ya ce ya ƙoshi ba. Ta san igiyar aurenta ce ke rawa. Ta kuma san in ta sallami Maurice da kwalba, fatar da ta fara tsirowa za ta lalace.

Da safe, yana ɗaukar wuƙaƙensa, ta ajiye kaskon a gabansa.

"Maigida, hannuna ya fara rawa. Kai ka san fata. Ko za ka taya ni?"

Ya daɗe yana kallon hannun nata. Ba ya rawa. Sannan ya mayar da wuƙaƙen.

Shi ya riƙa shafa wa Maurice a zaure, ita tana bayan asabari tana cewa ya sassauta, ba ƙirgi yake jemewa ba. Hannu ya warke sumul.

Tun daga nan, har ta koma ga Allah, mata ita ke duba su, maza kuma Malum, ko da zai rasa kasuwar ranar. Mutane suka yi ta yaba tausayinsa. Habsatu dai, in an faɗa a gabanta, sai ta ci gaba da murzar dargazarta.