Kujerar Baba da Tarin Ɗana

Shekarun baya, wata huɗu da rasuwar mahaifina, na kwashe iyalina daga ɗakin da muke haya a unguwar Akébé muka koma gidanmu na unguwar Awendjé, don kada mahaifiyata ta zauna ita kaɗai. Ni ne da matata, sai ɗanmu da bai daɗe da fara rarrafe ba.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne da ya baro Kano tun yana saurayi, mu duk a nan Libreville aka haife mu. Mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da shan sigari. Kullum in ya dawo daga shago, sai ya baje a wata ƙatuwar kujera mai soso a falo, ya kunna rediyo, ya kunna taba. Sama da shekara ashirin a haka. Da ya rasu, mahaifiyata ba ta yarda an taɓa komai ba. Kujerar, labulen, kafet ɗin, duk suna nan yadda ya bar su.

Ba mu cika wata guda ba yaron ya fara tari. Aka ce sauyin wuri ne, aka ce damina ce. Mu sayo magani a farmasi, ya lafa, ya dawo. Wata safiya matata ta ga haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, ƙirjinsa kuma na ƙara kamar usur. Ba ta jira shawarata ba, ta saɓa shi a baya, muka tari taksi sai asibiti.

Likitar wata dattijuwa ce 'yar Gabon. Bayan numfashin yaron ya daidaita, sai ta tambaye ni wa ke shan taba a gidanmu. Na ce babu. Ta sake tambaya. Ni kuwa na gyara tsayuwa, na zubo mata Faransancina na 'yan lakwal, wato makarantar boko, har da ɗaga yatsa, wai a gidanmu ko ashana ba a ƙyastawa sai a kicin. Ba ta yi musu da ni ba. Zanin goyon kawai ta ɗauka ta sansana, ta miƙo mini.

"To wannan fa?"

Na sansana. Wallahi ban ji komai ba sai ƙamshin gidanmu. Matata ce ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni tun ranar da muka tare nake jin sa. Nauyin faɗa nake ji, kada Umma ta ji ba daɗi."

Likitar ta ce hayaƙin taba ba ya ƙarewa don an kashe ta. Yana lafewa a bango da labule da soso, ya daɗe yana nan. Babba ya wuce abinsa, amma mai rarrafe hannunsa a ƙasa yake, daga nan sai baki. Ta ce ba za ta rantse shi kaɗai ne sanadi ba, danshin garin nan ma yana da nasa, amma mu fara da wanda muke iya kawarwa.

Don ku san irin wayona, turaren wuta na fara sayowa. Matata ta ce, "Turare ai ba wanki ba ne." Ta jiƙa farin ƙyalle ta goga a bangon bayan kujerar. Ya fito ruwan goro. Na sauke agogon bango, sai ga gurbinsa fari tas, sauran bangon duk ya rine.

Kwana uku ina kewaye-kewaye kafin na iya tunkarar mahaifiyata. Bayan la'asar na durƙusa gabanta na zayyana mata komai, har na kai kan kujerar.

"Kullum da safe nakan zauna a kanta," in ji ta. "In na jingina, sai in ji kamar shago ya tafi."

Muna nan sai yaron ya rarrafo, ya dafa kujerar ya miƙe, ya kafa baki a hannun kujerar yana tsotsa. Mahaifiyata ta yi wuf ta ɗauke shi, ta goge masa baki da gefen mayafinta.

"Ku fitar da ita," ta ce. "Babban maigidan ya tafi. Ba zan bari kujerarsa ta taɓa mini ƙaramin ba."

Akwai wani abokina kafinta a Akébé, shi ya hana mu jefar da ita. Ya cire soson da yadin duka, ya kankare katakon, ya yi mata sabuwar riga. Labule da kafet muka zubar, muka wanke bango da sabulu har sau uku kafin fenti. Tarin bai tafi rana ɗaya ba, ya ɗauki watanni yana raguwa, har muka manta yaushe ne na ƙarshe. Yau yaron nan ƙwallo yake bugawa har sai an koro shi gida, mahaifiyata kuma tana jan carbinta a kujerar.

Ban taɓa jin haushin Baba ba. Na tuna duk sanda zai kunna taba, sai ya ce, "Ku fita waje ku yi wasa, hayaƙin nan ba na yara ba ne." Iyakar saninsa ke nan, kuma da shi ya kare mu. Da ya san sauran, na tabbata da shi ma waje zai fita.